Daren Lamisula a Idon Na'ura: Dalilin da Ya Sa Ma'aunan Haske Ke Saɓa wa Juna

A watan Janairun 2021 mayaƙan da suka addabi Borno suka kayar da turakun babban layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta faɗa cikin duhu. Ma'aikata suka sha wahala suka gyara a ƙarshen Maris, aka kawo wuta, amma ba a cika mako guda ba aka sake tarwatsa layin. Daga nan birnin ya shafe watanni yana rayuwa da janareto da sola da fitila mai caji. Wannan ƙunci ne ya haifar da tashar lantarki ta gaggawa mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. A cikin waɗannan shekaru gwamnatin jiha ta yi ta dasa fitilun sola a tituna, masu gidaje da masu shaguna kuma kowa ya ɗora nasa faifan sola a rufi daidai ƙarfin aljihunsa. Da wuya a samu birnin da darensa ya sauya kama sau da dama haka cikin ɗan lokaci.

To, a yi tambaya: daren unguwa kamar Lamisula, a cikin birni, ƙara haske ya yi a shekara goma da suka wuce, ko raguwa? Kuma da nawa? Dattijon da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i yana da amsa, domin ya san taurarin da ya saba gani da waɗanda ya daina gani. Tauraron ɗan'adam da ke ratsa samaniyar Borno kowane dare yana da tasa amsar. Ɗalibin kimiyya da ya ɗaga ƙaramar na'ura a tsakar gida zai zo da ta uku. Amsoshin nan na iya saɓawa nesa ba kusa ba, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Kowane ma'auni yana da ƙarancin hasken da yake iya ji, da launin da yake gani, da kusurwar da yake kallo, da sa'ar da yake aiki. Duk wanda bai san waɗannan iyakoki ba, lambar da aka miƙa masa sai ta ɓatar da shi.

Me ake aunawa?

Abin da masana ke kira gurɓatar dare da haske shi ne hasken lantarkin da ya zarce inda ake buƙatarsa, ya tashi sama, ƙura da tururi da ita kanta iska suka watsa shi, wani kaso ya dawo ƙasa. Shi ne farin annurin nan da matafiyi ke hangowa a saman gari tun bai ga ko gini ɗaya ba. Amma idan aka ce an auna hasken dare, abubuwa uku mabambanta ake iya nufi: hasken da ke sauka a kan titi, hasken da ke tserewa zuwa sararin samaniya, da hasken da sama ke maidowa ga idon mai kallo daga ƙasa. Kowanne da na'urarsa, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya.

Wahalar aikin tana cikin ƙanƙantar abin da ake nema. Ranar tsaka tana sauke haske da ya kai luks 100,000 a ƙasa. Wata a daren sha huɗu ba ya wuce kashi uku cikin goma na luks ɗaya. Daren da babu wata, a dajin da babu lantarki, hasken taurari da ɗan annurin da iskar sama ke fitarwa da kanta ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na luks ba. Na'urar auna haske da injiniyan gini ke riƙewa, ko manhajar da ake saukewa a waya, galibi tana fara ji ne daga luks ɗaya ko kashi ɗaya cikin gomansa. Idan aka ɗaga ta sama da dare, sifili za ta nuna a Lamisula, sifili za ta nuna a tsakiyar daji, ko da samaniyar wuraren biyu ta bambanta sau hamsin. Sikelin da ake ɗora buhun gero a Kasuwar Monday ba ya motsi idan aka aza masa ɗan kunnen zinariya, kuma rashin motsinsa ba ya nufin zinariyar ba ta da nauyi.

Idon ɗan'adam

Ma'auni mafi tsufa shi ne ido, kuma har yau yana da abin da ya fi na'urori da shi. A cikinsa akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Na rana suna rarrabe launi, sun kuma fi jin haske mai tsawon zango wajen nanomita 555, tsakanin kore da rawaya. Na dare ba sa rarrabe launi, amma sun fi kaifi ƙwarai, kuma sun fi jin haske wajen nanomita 507, wato sun karkata ga shuɗi. Kafin su kama aiki sosai sai mutum ya yi minti ashirin zuwa talatin a cikin duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da hannun agogo baya.

Tun zamanin Girkawa ake jera taurari daraja shida, daga mafi haske zuwa wanda ido ke gani da ƙyar. A 1856 masanin taurari Norman Pogson ya sa wa tsarin ƙa'ida: tazarar daraja biyar daidai take da bambancin haske sau ɗari. Da wannan tsani, ƙidayar taurari ta zama awo. Malaman hisabi na ƙasar Borno da ƙasar Hausa, masu bin masaukan wata 28 don sanin shigar damina da hunturu, sun daɗe suna irin wannan lura. Wanda ke iya rarrabe taurari shida ko bakwai a cikin Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Suraiya, samaniyarsa tana da sauran duhu. Wanda ba ya ganin komai sai ɗan dishi-dishi, annurin gari ya riga ya cinye masa.

Raunin ido shi ne ba a samun biyu iri ɗaya. Ƙwayar idon tsoho ba ta buɗewa kamar ta matashi, yanar ido tana rage hasken da ke shiga, gwaninta ma tana tasiri. Shaidar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba. Amma idan dubban mutane suka duba, kurakuransu suna cinye juna, gaskiya ta fito.

Ƙaramar na'urar hannu

Na'urar da ta fi yaɗuwa a wannan fage ita ce SQM, wadda kamfanin Unihedron na ƙasar Kanada ke ƙerawa. Ba ta fi tafin hannu ba. Ana nuna ta tsakiyar sama, a danna, ta ba da lamba. Lambar tana tafiya ne a juye: girmanta alamar duhu ce. Samaniya mafi duhu a duniya tana ba da kusan 22, tsakiyar babban birni kuma 17 ko 18. Da yake tsanin Pogson ake bi, tsakanin 22 da 17 bambancin sau ɗari ne, kuma kowane mataki ɗaya ninki biyu da rabi ne.

A nan ne ƙaramin kuskure ke zama babba. Masu ƙera na'urar sun ce tana iya kaucewa da 0.1, wanda a ido ba komai ba ne, amma a haƙiƙa kusan kashi 10 cikin ɗari ne na hasken. Idan samaniyar gari tana ƙara haske da kashi 2 cikin ɗari a shekara, canjin shekara biyar zai iya ɓuya a cikin bambancin da ke tsakanin na'urori biyu da aka saya rana ɗaya. Ga kuma nau'i biyu: ta asali tana kallon fili mai faɗin sama da digiri 80, mai gilashin tattara haske kuma kimanin digiri 20 kawai. A unguwa mai cunkoso, inda fitilar maƙwabci ke leƙowa ta kan katanga, ta farko za ta haɗiye hasken fitilar ta ƙirga shi a matsayin na sama.

Sannan na'ura tana tsufa. Masu bincike a Turai da suka bar irinta a waje shekaru sun gano cewa rana tana dusar da murfinta da matatar haskenta, sai ta riƙa nuna sama ta fi duhu kaɗan-kaɗan kowace shekara. Kuskuren yana tafiya ne a hanyar da ta fi haɗari, domin yana ɓoye ƙaruwar hasken da aka kafa na'urar don a gano. Idan haka ta faru a ƙasashe masu sanyi, sai a ƙiyasta abin da ranar Afrilu ta Maiduguri, mai haura digiri 40, da ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi cikin dare ɗaya za su yi. Ƙari a kan haka, tsakiyar sama kawai na'urar take kallo, alhali annurin gari ya fi taruwa a gefen sama, can ƙasa-ƙasa.

Kallo daga sama

Taswirorin nan na duniya da dare, masu nuna Turai tana walƙiya Afirka tana duhu, daga taurarin ɗan'adam na Amurka suka fito. Na farko shi ne jerin DMSP na rundunar sojan sama, wanda aka ƙera don ganin gajimare a farin wata, ba don auna birane ba. Bayanansa da ake amfani da su sun kama daga 1992 zuwa 2013, kuma yana rarraba haske ne zuwa matakai 64 kacal, daga sifili zuwa 63. Da tsakiyar birni ta kai 63, shi ke nan: ko haskenta ya ninka sau goma, lambar ba ta ƙara motsi. A ƙasa kuma, ƙauyen da ke da 'yan fitilu sifili yake samu.

A watan Oktoban 2011 aka harba tauraron Suomi NPP ɗauke da na'urar VIIRS, wadda ta fi ta da kaifi nesa ba kusa ba, kuma ba ta cika ta tumbatsa a kan birane. Da ita ake aiki yanzu. Sai dai tana da iyakoki huɗu da suka shafi gari kamar Maiduguri kai tsaye.

Na ɗaya, girman ɗigo. Kowane ɗigo a hotonta fili ne mai faɗin kimanin mita 750. Unguwa kamar Lamisula 'yan ɗigo ce kawai, inda hasken babban titi da duhun lunguna ke cakuɗewa su zama lamba ɗaya.

Na biyu, lokaci. Tauraron yana wucewa ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare. A birnin da lantarki ba ya yankewa, fitilun titi suna nan a kunne a wannan sa'a. A wajenmu kuwa, rayuwar dare tsakanin magariba da ƙarfe goma sha ɗaya take: mai shayi, mai tsire, mai cajin waya, mai kemis, makarantar dare. Kafin tauraron ya iso an kashe janareto don tsimin mai, an rufe shaguna, batiran wasu fitilun sola sun yi sanyi, wasu kuma an saita su ne su rage ƙarfi bayan tsakar dare. A shekarun dokar hana fita ma abin ya fi haka. Garin da tauraron ke ɗauka hoto gari ne da ya riga ya kwanta.

Na uku, kusurwa. Abin da ya tashi sama kawai na'urar take gani. Kwan da ke ƙarƙashin rumfar kwano, da hasken da ke fita ta ƙofar shago ya bazu a kwance, da wanda inuwar dogon yaro ta tare, kaɗan ne daga cikinsu ke isa gare ta. Alhali hasken da ke tafiya a kwance shi ne ya fi yin doguwar tafiya a cikin iska, shi ya fi haddasa annurin da ke rufe taurari.

Na huɗu, launi, kuma shi ne mafi girma. Ido yana gani daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. VIIRS tana ji daga 500 zuwa 900. Wato makauniya ce ga shuɗi, amma tana ganin hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, irin wanda wuta mai ci ke fitarwa da yawa. Shi ya sa harshen iskar gas da ake ƙonawa a Neja Delta ke fitowa a hoto kamar manyan birane, gobarar daji ta rani ma take bayyana, har sai masu tace bayanai sun cire su da hannu.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. Tun bayan aikin da Vernon Henderson da abokansa suka wallafa a 2012, masana tattalin arziki suna amfani da hasken dare don ƙiyasta bunƙasar yankunan da ba su da ingantattun alƙaluma. Wani bincike na 2022 ya nuna cewa kimanin kashi 19 cikin ɗari na filin da ɗan'adam ya gina a duniya ba ya nuna wani hasken da tauraron ke iya ji, kuma Afirka ce ta fi yawan irin wannan fili. Babu shakka akwai talauci na gaske a cikin wannan duhu. Amma akwai kuma tocila, da fitila mai caji, da ƙaramin kwan sola mai wat uku, waɗanda suka sauya rayuwar gida alhali ba su kai bakin abin da na'urar ke ji ba. Mai tsara manufa da ke zaune a Abuja ko Washinton, idan ya ɗauki taswirar a matsayin gaskiya tsantsa, zai raina abin da mutane suka yi wa kansu.

Farin kwan da tauraro ba ya gani

Tsofaffin fitilun titi na sodiyam masu launin ruwan lemo suna zuba haskensu ne wajen nanomita 589, tare da wani kaso a bayan ja, duk a tsakiyar abin da VIIRS ke ji. Farin kwan LED, wanda ya samo asali daga shuɗin kwan da ya jawo wa masana uku 'yan asalin Japan kyautar Nobel a 2014, yana da babban kaso na haskensa wajen nanomita 450, a wajen ganin tauraron. Da birnin Milan na Italiya ya sauya fitilunsa zuwa LED wajen 2015, bayanan tauraron sun nuna kamar ya rage haske, amma hotuna masu launi da 'yan sama-jannati suka ɗauka sun nuna tsakiyar birnin ta koma fara fat.

Shuɗin haske kuma shi ne iska ta fi watsawa. Dalilin da ya sa sama take shuɗiya da rana ke nan. A tsabtatacciyar iska, haske mai nanomita 450 yana watsuwa kusan ninki uku na mai 589. Ga shi kuma ƙwayoyin ganin dare sun fi jin sa. Wato hasken da ya fi rufe wa ido taurari shi ne wanda tauraron ɗan'adam ya fi kasa gani.

Alƙaluma sun tabbatar da wannan giɓi. A 2017 Christopher Kyba da abokan aikinsa suka wallafa cewa, bisa bayanan VIIRS na 2012 zuwa 2016, filin da ke da hasken lantarki a duniya yana ƙaruwa da kashi 2.2 cikin ɗari a shekara. A 2023 shi da wasu suka nazarci rahotanni 51,351 na mutanen da suka ƙirga taurari da idonsu a shirin Globe at Night tsakanin 2011 da 2022. Sai ga shi samaniya tana ƙara haske da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara. A wannan sauri, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, ɗari kawai zai gani ranar da ya cika shekara 18. Mafi yawan rahotannin daga Turai da Arewacin Amurka suka fito, masu binciken da kansu sun faɗi haka.

Maiduguri ba sauya tsofaffin fitilu kawai take yi ba. Kusan duk sabon hasken da ke shigowa, daga na titi zuwa na masallaci zuwa na teburin mai shayi, farin LED ne, kuma mafi yawan na kasuwa mai tsananin fari ne, wanda ake rubuta 6000K ko 6500K a kwalinsa. Don haka birnin ya faɗa tsakanin makanta biyu: ƙananan fitilunsa ba su kai a gan su ba, manyansa kuma launinsu ya kauce wa idon mai kallo.

Hazo da gajimare

Ko da na'ura ba ta da aibi, iskar da ke tsakaninta da haske tana sauya amsa. A arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai kwarin Bodele, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, kuma iskar hunturu tana kwaso ta ta bi ta kan Borno. Hazo yana aiki biyu masu karo da juna. A cikin gari yana kama hasken fitilu ya maido shi, sama ta yi fari. A nesa da gari kuma yana tare annurin kafin ya iso, sai na'ura ta nuna duhu, alhali taurarin ma sun dushe. Daga sama, yana rage abin da ke isa ga tauraro, ya kuma baza shi zuwa ɗigon da ke maƙwabtaka. Gajimare ma haka: awon da aka yi a Balin ta Jamus ya nuna yana ninka hasken samaniyar birni har sau goma, a daji kuwa ƙara duhu yake yi.

Babbar taswirar hasken samaniya da Fabio Falchi da abokansa suka fitar a 2016 ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna ƙarƙashin gurɓatacciyar sama, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin Majarra, farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama. Ta sa maƙwabciyarmu Chadi cikin ƙasashen da samaniyarsu ta fi tsabta. Aiki ne mai daraja, amma lissafi ne da aka ɗora a kan bayanan VIIRS, tare da ɗaukar cewa iska iri ɗaya ce ko'ina, wadda ake hangen kusan kilomita 26 a cikinta. Wanda ya san safiyar Janairu a Maiduguri, lokacin da hazo ke hana jirgi sauka, ya san watanni nawa ne a shekara wannan zato ba ya aiki.

Inda awo ya taɓa ibada

Mai karatu na iya cewa wannan damuwar masu duban taurari ce. Batun alfijir ya nuna ta wuce nan. Malamai sun rarrabe alfijir na ƙarya, mai miƙewa tsaye a gabas, da na gaskiya, mai bazuwa a kwance. Na farkon hasken rana ne da ke haskaka ƙurar da ke tsakanin duniyoyi, kuma ba a ganin sa sai a sama mai duhu sosai. Farkon na gaskiyar ma haske ne mai rauni, a daidai gefen saman da annurin gari ya fi yawa.

A Indunusiya an yi doguwar muhawara a kan haka. Jadawalin hukuma yana sa asuba a lokacin da rana take digiri 20 a ƙarƙashin gefen sama. Wasu masu bincike suka yi awo da SQM suka ce alfijir ba ya bayyana sai wajen digiri 13. Masana taurari suka amsa cewa awon da aka yi a wurare masu hasken lantarki dole ya makara, domin na'ura ba za ta ji alfijir ba sai ya rinjayi annurin gari. A 2021 ƙungiyar Muhammadiyah ta koma digiri 18, wato jinkirin kimanin minti takwas. A kusa da tsakiyar duniya, inda mu ma muke, kowane digiri kusan minti huɗu ne, don haka tazarar 20 da 13 ta kusa rabin sa'a. Ga mai sahur wannan ba wasa ba ne. Hukunci na malamai ne, amma duk wanda zai kawo musu alƙaluman na'ura wajibi ne ya faɗi inda ya auna da irin samaniyar wurin. Jinjirin wata kuwa, da yake ana neman sa ne tun sauran hasken yamma, hazo ya fi lantarki ɓoye shi.

Abin da ya kamata a yi

Babu mai hankalin da zai ce a rage wa Lamisula fitila. Mutanen da suka ɗanɗani dokar hana fita da watannin duhu sun fi kowa sanin darajar titi mai haske. Maganar ita ce ina hasken yake sauka. Kwan da ba shi da murfi, ko wanda aka ɗaga kansa yana kallon gefe, yana kashe idon mai tafiya, inuwar da ke bayansa ta ƙara duhu, kuma kason da ya tashi sama cajin batir ne da aka saya da kuɗi aka zubar. Fitilar da ke kallon ƙasa, mai launi mai ɗan ɗumi, tana haskaka hanya da ƙaramin ƙarfi. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada farin launin fitilun titi ya wuce 3000K, saboda shuɗin haske da dare yana danne sinadarin melatonin mai daidaita barci. A gari mai zafi, inda mutane da yawa ke kwana a tsakar gida rabin shekara, wannan shawara ta fi shafar mu fiye da waɗanda aka rubuta dominsu. Ga kuma tsuntsayen da ke ƙaura da dare daga Turai zuwa yankin Tafkin Chadi, waɗanda hasken birane ke rikitawa.

Kafin gyara sai an auna, kuma awon bai fi ƙarfinmu ba. Sashen kimiyyar lissafi da na labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ko Kwalejin Ramat, za su iya farawa da na'urorin SQM uku ko huɗu: ɗaya a cikin gari, ɗaya a harabar makaranta, ɗaya a bayan gari inda tsaro ya ba da dama. A riƙa awo a dararen da babu wata, a sa'o'i tsayayyu, misali ƙarfe tara, da sha biyu, da biyun dare, domin a ga abin da tauraro ke rasawa. Kowane awo a rubuta masa yanayin hazo da gajimare, da ko akwai wutar NEPA a unguwar ko babu. A riƙa goge gilashi, a kuma ajiye na'ura ɗaya a ɗaki, ana fito da ita lokaci-lokaci don gwada sauran. A haɗa da kyamara mai ɗaukar sama gaba ɗaya da launinta, tunda ita ce za ta nuna gefen sama da rinjayen shuɗi. Akwai kuma tauraron Sin mai suna SDGSAT-1, da aka harba a Nuwamban 2021, wanda ke ɗaukar hoton dare da launi kuma yana rarrabe tituna.

Ido ma yana da gurbinsa. Shirin Globe at Night kyauta ne: ɗalibi ya dubi rukunin Oriyon, mai taurari uku a jere a tsakiyarsa, wanda ke hayewa saman kai a dararen hunturu, ya gwada da zanen da aka ba shi, ya aika da waya. Makarantun sakandare da na Islamiyya na unguwa ɗaya za su iya tara rahotanni masu yawa daga yankin da taswirar duniya ke ƙishirwar bayanansa.

Shi kuma mai karatu, duk lokacin da aka nuna masa taswira ko lamba aka ce ga hasken garinsu, ya yi tambaya huɗu: da wace na'ura, wane launi take gani, da ƙarfe nawa, kuma a wane yanayi na iska? Fitilun da ake dasawa yanzu za su yi shekaru a tsaye, kuma wasu dubbai na tafe yayin da birnin ke farfaɗowa. Daren bana ba ya aunuwa baɗi. Idan ba a fara rubuta alƙaluman yanzu ba, nan da shekara goma masu tsara birni za su yanke shawara ne da taswirar da aka zana daga nesa, da na'urar da ba a ƙera don irin darenmu ba.